Bidiyon Teku Ya Isa Zariya

Jama'ar da ke biye da ni, ku gyara zama, yau bakina cike yake. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Haulat, 'yar Tudun Wadan Zariya. Digiri na biyu nake yi a fannin lafiyar al'umma a nan Doha, ina zaune a Al Thumama, gidan yayata Khadijat da mijinta Yaya Hambali, shugaban direbobi a wani kamfani mai jigilar ma'aikatan filin jirgi. Sai kuma Surajo. Za mu zo kansa, kada ku ƙosa.

Lokacin da na zo garin nan, ko kwata ce ta cika da ruwan sama sai na zagaye ta. A wurin iyon mata na makarantarmu na fara koyo, don kawai bayana ya daina ciwon zaman karatu. A can na haɗu da Nafeesa, wata nas 'yar Indiya, gajeriya mai muryar soja. Ita ce ke kula da ɓangaren mata a ƙungiyar sa kai ta masu ceto a bakin teku. Ta daɗe tana kallon yadda nake shan ruwa ina tari ina komawa, rannan sai ta ce da ni, "Ke ba ki iya ba tukuna, amma ba ki da saurin karaya. Irinki nake nema."

Maza sun yi yawa a ƙungiyar, mata kuwa ba mu cika mota guda ba. Kuma akwai matan da ko nutsewa suke yi, in namiji ne ya miƙo hannu sai sun yi jinkiri. Wannan ya sa na shiga. Babu albashi, babu komai, sai riga mai ruwan ɗorawa, da usur, da baƙin da rana ke ƙara mini duk Juma'a. Amma wallahi ban taɓa jin daɗin wani abu a ƙasar nan kamar wannan ba.

Umma ta san ina yi. Na gaya mata tun farko, ta ce, "To, Allah ya kyauta," da irin muryar da take amsa labarin da bai shiga kanta ba. Abin da ya dame ta daban ne. Duk kiran da za ta yi daga Zariya, kafin mu gama gaisawa sai na ji, "Ina maganar yaron nan ta kwana? Haulatu, sa'o'inki fa duk suna ɗakunansu."

Yaron nan shi ne Surajo, ɗan Gwammaja a Kano, ma'aikacin tsaro a filin jirgin Hamad. A masallacin unguwa suka saba da Yaya Hambali, daga nan ya fara zuwa gaisuwa, daga gaisuwa ta koma gaisuwar da ba ta ƙarewa. Duk Asabar bayan la'asar sai ya zo da shayin karak a kofunan takarda, ɗaya nawa, ɗaya na Yaya Khadijat don ta bar mu mu sha iska a falo. Dogo ne, mai magana a hankali, in ya yi dariya sai ya rufe baki kamar wanda ya yi laifi. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Abu ɗaya ne, duk lokacin da na kawo zancen teku sai ya duƙar da kai ya ce, "Uhm. Wannan ruwan naki dai." Bai taɓa cewa in bari ba, bai kuma taɓa cewa sannu ba. Ni ma sai na riƙe nawa bakin kan maganar turo manya, ina jira in ga inda ya dosa.

To, waccan Juma'ar, ba ta shekaranjiya ba, aka tura mu wani bakin teku da ke arewacin gari, inda iyalai ke zuwa shan iska. Tun a mota Nafeesa take kallon yadda iska ke kaɗa tutocin gefen titi tana tsaki. Iskar arewa ce da suke kira shamal, in ta taso sai tekun da kullum yake kwance kamar ruwan randa ya fara tumbatsa. Muka kafa jar tuta a gefen da ruwa ke ja, muka bi mutane muna roƙonsu su tsaya a inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Ina sanye da kayan iyona masu rufe jiki tun daga kai har idon sawu, baƙaƙe, rigar ƙungiya a sama, jar robar ceto rataye a kafaɗata.

Hantsi ya ɗaga, ina tsaye ina cin dabino, sai na ga wata balan-balan ta yara mai siffar agwagwa ta kuɓuce wa wata yarinya. Uwar, wata Basudaniya mai jiki, ta bi ta da doguwar rigarta. Na busa usur. Ba ta juyo ba. Ta ƙara gaba, ruwa ya kai mata ƙirji, ta miƙa hannu, sai kawai na ga ƙafarta ta bar ƙasa.

Masu karatu, wanda ruwa ke ci ba ya ihu kamar yadda kuke gani a talabijin. Shiru yake yi. Kanta ne kawai ke fitowa yana komawa, baki a buɗe.

"Haulat, yalla, maza!" Nafeesa ta daka mini tsawa tana kiran maza ta rediyo.

Ban san lokacin da na tofar da dabinon ba. Na ruga, na faɗa. Igiyar ruwa ta farko ta mare ni a fuska, gishiri ya cika mini hanci. Na ce a raina, Haulat, yau ce ranar, abin da aka koya miki kawai za ki yi. Da na matso kusa da ita ban yarda ta kama ni ba, don wanda ya firgita in ya riƙe ka, tare za ku tafi. Na tura mata robar, na ce, "Riƙe, Khala, riƙe!" yadda Larabawa ke kiran babbar mace. Ta cafke ta, amma rigarta ta sha ruwa ta naɗe mata ƙafafu, tana jan ta ƙasa. Dole na nutsa na zagaya ta bayanta, na zagayo da robar ta ƙarƙashin hammatarta na ɗaure. A nan ne ta yi mini wani naushi da gwiwar hannu a leɓe, har yanzu da ɗan kumburi.

Ban yi gardama da ruwan ba. Na bi gefe da ita har muka fita daga inda yake ja, sannan na juyo bakin gaɓa. Hannuwana suka yi nauyi, numfashina yana fita da ƙara, ina ta maimaita "Ya Hayyu ya Ƙayyum" a zuci. Can na ji yashi a ƙarƙashin ƙafata. Nafeesa da wata abokiyar aikinmu suka shigo suka karɓe ta. Matar ta yi ta amayar da ruwa, ta buɗe ido, abin da ta fara tambaya shi ne 'yarta. Da aka kawo mata yarinyar sai ta rungume ta da hannu ɗaya, ta jawo ni da ɗayan, tana kuka tana yi mini addu'a da Larabcin da rabinsa ban gane ba. Motar asibiti ta zo ta duba ta, aka ce lafiya lau.

Ni kuwa na koma bayan motarmu na zauna a ƙasa. Nafeesa ta miƙo mini ruwa ta ce, "Khalas, kin gama. Yanzu ki yi kukanki." Na ko yi.

Ashe wani daga cikin 'yan kallo ya ɗauki abin a waya tun daga ruguwata har fitowarmu. Ya tura wa ƙungiya, shugabanmu ya tambaye ni ko a saka a shafinmu don jan hankalin mutane kan jar tuta. Na duba, na ga daga nesa ne, kuma a rufe nake ruf, na ce a saka. Ban kawo komai a raina ba. Shafin da mu kaɗai muke kallon abinmu.

Washegari da safe ina soya ƙwai a kicin, sai ga Yaya Khadijat ta shigo da ɗaurin ƙirji da hular barci, waya a hannu, ido waje.

"Haulat, kin shiga zauren gidanmu kuwa?"

"Wane zaure?"

"Zuri'ar Malam Sabo mana! Ke, bar ƙwan nan."

Wani ɗan Najeriya mai tuƙin tasi a nan ne ya ɗauko bidiyon ya rubuta a kai, "Bahaushiya ta ceci rai a tekun Qatar," daga nan ya kama tafiya. Kafin gari ya waye ya isa Zariya. Na buɗe zauren hirar dangi a wayata, saƙonni sun taru kamar ranar salla.

Kawu Muttaka ya rubuta, "Wannan ba Haulatun Sa'adatu ba ce? Allahu Akbar."

Wata gwaggonmu ta ce, "Karatu aka tura ta ko su?"

Ƙanina ya saka hoton kifi ya rubuta sunana a ƙasa. Zan kama shi.

Ban gama karantawa ba wayar ta fara ruri. Umma. Yaya Khadijat ta ja da baya ta jingina da firij, ta ce, "Ni ba ruwana, ɗauki."

"Salamu alaikum, Umma, ina kwana?"

"Haulatu." Ko gaisuwar ba ta amsa ba. "Ashe wannan ne ruwan? Ni duk zatona irin kwamin nan ne na otal da ake ganin ƙasansa. Wannan ai ba shi da ƙarshe! Inda kanki ya nutse ɗin nan, sai da na saki wayar ta faɗi. Ke wace irin yarinya ce? In da wani abu ya same ki, me zan ce wa mahaifinki ranar da muka haɗu?"

Muryarta ta karye. Nawa idon ma ya kawo ruwa. Na ce, "Umma, ki yi haƙuri. An koya mana ne, ba da ka na shiga ba. Kuma ba ni kaɗai ba ce a wurin."

"Matar tana da 'ya'ya?"

"Tana da yarinya ƙarama."

Ta ja dogon numfashi. Sai na ji ta juya tana magana da wani a tsakar gida, "E, ita ce, ga ta ma a waya. Tawa ce, ta biyun." Ta dawo kaina. "Matan layin nan tun asuba suke shigowa, har na rasa tabarmar shimfiɗa musu. Allah ya yi miki albarka. Amma ki dinga azkar kafin ki shiga, kin ji ko? Kuma shi yaron nan, ya gani?"

Kun ji Umma. Ko a tsakiyar teku sai ta nemo maganar yaron nan.

Gaskiyar magana, ya gani. Na ga alamar ya buɗe bidiyon da na tura masa, amma ko uffan. Ranar Asabar ɗin ya aiko cewa an canza masa lokacin aiki, ba zai samu zuwa ba. Na rubuta, "Allah ya taimaka." Ya amsa, "Amin." Shi ke nan. Mutumin da kullum sai ya tambaye ni ko na ci abinci.

Zan yi ƙarya in na ce bai dame ni ba. Sai dai makon ya zo mini da abubuwan daɗi da yawa, har damuwar ta rasa wurin zama. Ranar Laraba ƙungiya ta yi ɗan taro a wani zauren wasanni. Aka sanar cewa duk sababbin da suka yi jarrabawar ceto a wannan zangon sun ci, har da wani dattijo ɗan Nepal da ya sha faɗuwa bai daina dawowa ba, muka tashi tsaye muna masa tafi yana ta share ido. Aka ce wani shagon kayan ruwa ya ba mu kyautar allunan ceto sababbi. Sannan aka kira sunana. Na fita cikin abayata mai ruwan toka da ɗan aiki a hannu, mayafi ruwan hoda. Matar da na ciro, Ummu Rahaf, ita ta miƙa mini takardar yabo da kanta, ta kuma cusa mini kwalbar turaren humra irin tasu ta Sudan. Yaya Hambali yana can baya ya ɗaga waya sama yana ɗauka, yana gaya wa na kusa da shi, "Ƙanwata ce, a gidana take."

Bayan taro Nafeesa ta ja ni gefe. Ta ce tunda bidiyon ya fita, mata 'yan Najeriya da Ghana da Nijar suke ta aiko da saƙo suna son koyon iyo, wasu don 'ya'yansu, wasu don kansu. "Suna son wadda za ta yi musu magana da harshensu. Aji ne naki, duk Asabar da safe. Za ki iya?"

Na ce zan iya, tun kafin ta rufe baki. Sai a mota na tuna ban shawarci kowa ba, na kuma ji ban yi nadama ba.

Jiya Asabar na yi ajina na farko. Matan aure da 'yan mata, har da wata Hajiya mai jikoki, kowa ta riƙe bakin kwami tana salati. Na ce su sa fuska a ruwa su hura, wata ta ɗago ta ce, "Malama Haulat, ni fa ko a wanka ba na son ruwa ya taɓa mini ido." Muka yi ta dariya. Kafin a tashi sai da ta kwanta a kan ruwa, hannuna a ƙarƙashin bayanta, tana kallon rufi tana cewa, "Ikon Allah, ashe ɗaukar mutum yake yi."

Na dawo gida a gajiye, raina fes. Bayan azahar sai ga saƙo: "Zan shigo bayan la'asar in Allah ya yarda. Akwai magana."

Akwai magana. Na karanta, na sake karantawa, na kai wa Yaya Khadijat. Ta taɓe baki ta ce, "Ko dai alheri ko akasinsa, ba za ki tare shi da wannan fuskar da gishiri ya cinye ba. Tashi." Ta fito mini da atamfarta sabuwa, kore da ruwan zuma, ɗinkin riga da siket, ta ɗaura mini ɗankwali da kanta. Ta turara falo da turaren wuta har sai da Yaya Hambali ya fito yana tari yana tambaya ko gobara ce. Na shafa humrar Ummu Rahaf kaɗan a wuya.

Ya zo cikin farar shadda da hula zanna, ba kayan da ya saba zuwa da su ba. Ga karak ɗin a hannu kamar kullum. Suka gaisa da Yaya Hambali, Yaya Khadijat ta karɓi kofinta ta shige ciki, amma na san tana bayan labule, don ina hango yatsun ƙafarta.

"Ranki ya daɗe, ya gajiya?"

"Alhamdu lillahi. Ya aiki? An ce an canza maka lokaci."

Ya rufe baki da hannu. "An canza. Amma ko ba a canza ba, da ban zo ba. Haulat, fushi na yi."

Na ajiye kofina. "Da na yi me?"

"Ba ki yi komai ba. Abin da na kasa ganewa ke nan, shi ya sa na yi shiru." Ya kalli leɓena. "Matar nan ce ta ji miki wannan?"

"Ba da gangan ba."

"Na sani." Ya juya kofin a hannunsa. "A wurin aiki na kalla, lokacin hutu. Inda kika nutse ɗin nan ba a ganinki, wallahi sai da na tashi tsaye. Abokan aikina suna ta murna suna dukan kafaɗata, ni kuwa ji nake kamar in zo in ɗauke ki in kai ki inda babu ko rijiya. Na kwana biyu a haka. Sai rannan ina tsaye a bakin ƙofa, wata tsohuwa ta zo wucewa, tafiyarta irin ta Hajiyata. Na ce a raina, Surajo, da ita ce a ruwan nan fa? Wa za ka so ya kasance a tsaye a wurin? Sai na ji kunya ta kama ni."

Ya ajiye kofin, ya gyara zama.

"Ina so in turo manya Zariya," ya ce. "In kin amince."

Labule ya motsa. Na daure na ce, "Kafin in amsa, ka sani ba zan bari ba. Yanzu ma aji aka ba ni, duk Asabar. Ba na so sai an ɗaura a zo ana cewa ba a yi haka da ni ba."

"Ban zo don ki bari ba. Abu ɗaya nake roƙo, duk ranar da za ki teku, ni zan kai ki in ba na aiki. In tsaya daga nesa. Nesa sosai."

Dariya ta ƙwace mini, shi ma ya yi, wannan karon bai rufe baki ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, ka turo."

Daga bayan labule aka rangaɗa guɗa, Yaya Hambali yana cewa, "Khadijat, maƙwabta fa Larabawa ne, za su kira 'yan sanda!"

Ina cikin wannan daɗin sai na ga Surajo ya daina dariya. Ya ciro wayarsa yana shafa ta a gwiwa.

"Saura abu ɗaya. Bidiyon ya isa Gwammaja. Hajiya ta gani."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce mini komai ba. Na yi tambaya, ta ce ba da ni za ta yi ba. Ta ce in na zo wurinki in kira ta, da bakinki take son ji."

"Yanzu?"

Ai kafin in gyara zama ya riga ya danna. Na jawo mayafi na rufe kaina kamar tana ganina. Yaya Khadijat ta fito daga maɓoyarta ta tsaya a kaina, hannu a ƙirji. Ya miƙo mini wayar, na karɓa da hannu biyu, na durƙusa a kan kafet ban ma sani ba.

"Salamu alaikum, Hajiya, ina wuni?"

Murya ce ta dattijuwa, a natse, ba fushi ba fara'a.

"Lafiya lau. Ke ce yarinyar da ta shiga teku?"

"Ni ce, Hajiya."

"Madalla. Surajo yana kusa da ke?"

"Yana nan."

"To, ce masa ya tashi ya ba mu wuri."